Kwaɗo da Tsohon Kare

Reseda, Kalifoniya
9 ga Mayu, 1986

Zuwa ga ƙanwata Chelo,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Ramiro da yara da jikoki. Yaya gwiwar Ramiro? Ki ce masa na ce ya daina hawa rufin ɗaki, shekarunsa sun wuce nan. Mu ma lafiya lau, sai zafi da ya sauko tun kafin lokacinsa. Barkonon da kika aiko ya iso, Allah ya saka da alheri.

Akwai magana a raina, kuma ba ta waya ba ce. Wayarmu a kicin take, mijina Harlan kuwa ba ya jin ƙararrawar ƙofa, amma duk abin da ba na so ya ji sai ya shiga kunnensa.

Makon jiya wani saurayi ya yi mana sallama, dogo siriri, sunansa Terry Lindqvist. Na ɗauka talla ya kawo, ashe daraktan fim ne. Da Harlan ya fito, yaron nan ya gaishe shi da girmamawa. Ya ce tun yana ƙarami a Minnesota, duk Asabar idan talabijin ta sako tsofaffin finafinan dodanni marasa kala, a bayan kujera yake ɓuya yana leƙe, kuma dodon tafki ne ya fi hana shi barci. Yanzu wani kamfani ya ba shi dama ya yi fim ɗin yara, na ban dariya da ɗan tsoratarwa kaɗan. Zai tara dodannin da duka, mai shan jini, da gawar nan naɗe da ƙyalle, da mutumin da ke rikiɗa kyarkeci, da dodon tafki. Wai sun tsufa, an manta da su, suna haya a wani gida a ƙarshen layi, har yaran unguwa suka gano su. Ya ce so yake waɗanda suka sa kayan tun farko su sake sawa. To, kin san sauran sun riga mu gidan gaskiya. Saura mijina, dodon tafki, da abokinsa Augie Benedetti, kyarkeci.

Harlan ya karanta labarin da aka bar masa, ya wurgar a kan tebur. A ciki dodon tafki yana sa hular barci, yana tsoron bahon wanka, sabulu na kayar da shi. Ya ce shi da ya yi shekaru yana sa manyan mutane ƙanƙame kujerar silima, ba zai tsufa ya zama abin dariyar 'yan firamare ba. Ya ce dodon nan ba mahaukaci ba ne, halitta ce da ba ta da kowa a duniya, haka ya ɗauke shi tun farko. Na ce to shi ke nan, a bar maganar, raina ya yi fari ƙal.

Ba a jima ba Augie ya bugo. Daga inda nake wanke-wanke ina jin ihunsa a waya: “Kwaɗo, ka ji an tuna da mu? Ni ko kwalliya ba sai an yi mini ba, gashin kunnena ya isa.” Harlan ya ce masa tsohon kare marar haƙori ba ya cizo. Suka yi ta zagin juna suna dariya. Chelo, rabon da in ji dariyar mijina irin wannan, har na manta. Da ya ajiye waya na san an gama.

Ga inda matsalar take. A watan Janairu likita ya gaya mana zuciyar Harlan ta yi rauni. Ban gaya miki ba don shi ya hana. An ba shi ƙwayoyi, an hana shi ɗaukar nauyi da shiga zafi. Likitan inshorar kamfanin kuwa awon jini kawai ya yi masa, ya tambaye shi ko yana da wani ciwo, ya ce babu. Da muka dawo mota ya riƙe hannuna ya roƙe ni in yi shiru.

Ni ce fa na san rigar nan fiye da kowa. Kin tuna a ɗakin ɗinki na kamfani muka haɗu, ni nake ɗinke bayan rigar yana ciki, ni nake farke ta da yamma. Roba ce tun daga kai har ƙafa, iska ba ta shiga. Yana saurayi ma idan na cire masa, gumi ne ke zuba daga takalman kamar an juye bokiti. Yanzu ya haura saba'in.

Amma jiya na leƙa ta taga na gan shi a bayan gida shi kaɗai, ya ranƙwafa, ya buɗe yatsu, yana gwada tafiyar dodon a hankali. Mutumin da ya shekara biyar ba ya tashi daga gaban talabijin. Na rasa abin da ya kamata in roƙa wa kaina, in ji daɗi ko in ji tsoro.

Ki sa mu a addu'a idan kin je coci. Kada ki gaya wa Ramiro, bakinsa ba ya riƙe magana. Ki gaida kowa.

Yayarki mai ƙaunarki,
Imelda

Reseda
20 ga Yuli, 1986

Ƙanwata Chelo,

Ina gaishe ki da kyau, ina fata kuna lafiya, da fatan zazzaɓin jikarki ya sauka. Na ga takardarki. Kin ce in da ke ce da tuni kin faɗa. Na ji, amma ba ki ga fuskarsa ba a lokacin.

Yau ni kaɗai ce a gidan nan. Bari in fara daga farko.

Makonnin farko sun yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Kullum nakan bi shi wurin ɗauka da ƙanƙara da ruwa, na ce musu ni ce mai kula da rigarsa, ƙwayoyinsa kuma a jakata. Yawancin aikin a cikin gida ne, da fanka a gefe. Yaran fim ɗin da farko nesa-nesa suke da shi, bayan kwana kaɗan sai ga su suna rigimar wanda zai riƙe masa kan dodon idan an cire. Augie kuwa ya zama sarkin wurin. Yakan zauna a kujerar kwalliya tun asuba ana manna masa gashi, yana ba 'yan matan labaran ƙarya, yana raba tumatirin gonarsa a jakar takarda. Kin san tun rasuwar matarsa Rosa ba ya da mai magana da shi sai tumatirin nan. Da azahar su biyun sukan zauna a inuwar mota, kyarkeci da dodon tafki, suna shan miya ta bututun roba don kada kwalliya ta lalace, suna gardamar wanda ya fi tsorata mutane a zamaninsu.

Har abin dariyar ma Harlan ya daina ƙi. Ranar da aka ɗauki faɗuwarsa a bahon wanka, masu kyamara sai da suka ɓata ɗauka saboda dariya. A hanyar gida ya ce mini ashe sa mutum dariya ya fi tsorata shi wuya.

Sai ranar Talatar da ta wuce aka fita waje. A labarin, karnukan unguwa ne suka biyo dodon, yana gudu a tsakiyar titi. Zafin ranar, kwalta har laushi take. Aka ɗauka, Terry ya ce a sake. Aka sake. Ana cikin na gaba sai Harlan ya tsaya, ya durƙusa, ya dafa ƙasa da hannu ɗaya. Kowa ya fashe da dariya, sun ɗauka wasa ne ya ƙara. Ni ban yi dariya ba. Ban san lokacin da na isa wurinsa ba. Da na cire masa kan, leɓɓansa sun yi toka-toka, idonsa yana kallona amma kamar bai san ni ba. Na tura masa ƙwaya ƙarƙashin harshe ina kare shi da jikina. Da ya dawo hayyacinsa, abin da ya fara cewa shi ne in mayar masa da kan kafin a lura.

Da aka tashi na ce masa na manta jakata. Na koma na sami Terry, na gaya masa komai. Yaron nan ya zauna a kan akwati ya riƙe kai. Ya ce da mutumin da ya fi girmamawa a duniya ya mutu a gabansa yana cewa a sake, da yaya zai yi da ransa? Na roƙe shi kada ya kore shi. Ya yi alkawari, kuma ya cika. Bai kai maganar ga manyan kamfanin ba.

Washegari muka tarar da wani matashi mai iyo sanye da riga irin ta Harlan sak. Shi zai yi gudu da shiga ruwa da faɗuwa, Harlan kuma wuraren zama da na kusa da kyamara. Terry ya yi ta kame-kame wai don a yi sauri ne. Harlan bai kalle shi ba, ni ya juyo ya kalla. Ya yi aikinsa na ranar har aka tashi.

A gida ya ɗauko ƙaramar jaka ya fara zuba kaya. Na ce masa gara ya yi fushi da ni yana raye. Ya ce, “Melda, ba ki cece ni ba. Kin mayar da ni kan kujera ne kawai, sai dai wannan karon a gaban mutane.” Ya ɗauki ƙwayoyinsa daga jakata da hannunsa, ya tafi gidan Augie a Sun Valley.

Tun da muka yi aure bai taɓa kwana a wani wuri don fushi ba. Augie yana bugo mini a ɓoye, ya ce in kwantar da hankalina, Kwaɗo yana cin abinci, yana shan magani, sai dai munsharinsa ya kori ɓerayen gidan. Ya ce in ba shi lokaci. Na daina zuwa wurin ɗauka.

Ban yi nadama ba, Chelo, ko yau aka sake zan faɗa. Amma gidan ya yi mini girma. Ki rubuto mini, ko labarin maƙwabta ne.

Taki har kullum,
Imelda

Reseda
17 ga Agusta, 1986

Chelo ƙanwata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Na gode da kiran da kika yi, ki yi haƙuri ban iya magana ba a ranar. Yanzu na ɗan samu natsuwa, zan gaya miki yadda abin ya faru.

Duk tsawon watannin nan idona a kan Harlan yake. Ko sau ɗaya ban kalli Augie na ce wannan ma tsoho ne ba. Mutumin da ke hawa tsani, yake cin naman alade da ƙwai kullum, yake cewa shi zai binne mu duka.

Ranar Lahadi da safe suna bayan gida, Augie yana ɗaure tumatir a jikin sanda, Harlan yana zaune da kofi yana gaya masa ba haka ake yi ba. Augie ya ce kansa na sara, bari ya ɗan zauna. Ya zauna a ƙasa tsakanin shukokin, ya jingina da ƙafar Harlan. Harlan ya ɗauka iskancinsa ne na kullum, har ya ce masa ya tashi, babu kyamara a nan. Da ya ga gefen bakinsa ya karkace sai ya ƙwalla wa maƙwabciya kira ta bugo wa motar asibiti, shi kuma ya sauka ƙasa ya rungume shi. Ya ce Augie ya yi ta ƙoƙarin magana, harshen ya ƙi. Sai ya riƙe rigar Harlan da hannun da ke aiki, bai sake ba. Kafin motar ta iso ya cika. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a kansa.

Da yamma na ji motarmu a ƙofar gida. Harlan ya shigo da jakarsa, gwiwoyin wandonsa duk ƙasa. Ya zauna a kujerarsa ta kicin. Na tsaya ban san ko in taɓa shi ba. Can ya ce, “Har yanzu ina fushi da ke. Akwai sauran miya?” Na ɗumama masa. Ya ɗauki cokali, ya ajiye, sai ya kifa kai a kan tebur. Tun rasuwar mahaifiyarsa ban ga kukansa ba. Na tsaya a bayansa na riƙe kafaɗunsa har miyar ta huce.

An yi jana'iza ranar Alhamis a cocin da aka yi ta Rosa. Ɗansu ya zo daga Seattle, ya koma a ranar. Amma cocin ya cika, Chelo. Duk ma'aikatan fim ɗin sun zo, har yaran da iyayensu. Fadan cocin bai san Augie sosai ba, ya yi ta cewa marigayi mutum ne mai sanyin hali, marar hayaniya. Na ji Harlan yana cije dariya a gefena.

Saura fitowa ɗaya ta kyarkeci ba a ɗauka ba, ita ce ta ƙarshe, inda dodannin ke barin unguwa a bayan wata tsohuwar motar kaya, yara na ɗaga musu hannu. Terry ya zo gida da kansa ya ce idan Harlan ba zai iya ba, matashin nan zai sa rigar, babu wanda zai gane. Harlan ya ce zai yi. Ya juyo ya ce mini in shirya ƙanƙara. Haka na san an mayar da ni bakin aikina.

Aka manna wa wani yaro mai tsayin Augie fuskar kyarkeci. Yaron kirki ne, ya zo ya gaishe mu, ya ce ya san ba wurinsa ba ne. Da aka zaunar da su a bayan motar, Harlan ya ƙi kallon gefensa. An ce su ɗaga hannu kawai. Motar ta fara tafiya, yara suna ihu suna bankwana, sai na ga hannun dodon tafki bai tashi sama ba. Ya miƙa shi gefe a hankali, ya ɗora a kan wuyan kyarkecin, ya bar shi a nan. Terry bai ce a tsaya ba har motar ta sha kwana. Bai kuma ce a sake ba.

Yanzu Harlan yana zuwa Sun Valley yana ba tumatirin ruwa kafin a sayar da gidan. Ni nake tuƙa shi. Ba mu cika magana a hanya ba, amma ba irin shirun da ba ne. Jiya da kansa ya ce in kai shi wurin likitan zuciya.

Ki gaida Ramiro, ki ce mun gode da katin da ya sa wa hannu.

Yayarki,
Imelda

Reseda
1 ga Nuwamba, 1987

Ƙanwata abin ƙaunata,

Ina yi miki fatan alheri, ke da iyali baki ɗaya. Barka da samun sabon jika, Allah ya raya shi. Hoton ya iso, hancin Ramiro ne sak, Allah ya ba yaron haƙuri. Kin tambayi jikin Harlan. Da sauƙi, ba sauƙi sosai ba. Yanzu da sanda yake tafiya, daga ɗaki zuwa mota sai ya huta. Likita ba ya yi mana alkawarin komai, mu ma mun daina tambaya.

Fim ɗin ya fito a makon Halowin, bikin nan da yara ke shigar dodanni. An gayyace mu bikin buɗewa, da jan kafet da masu hoto, Harlan ya ce ba ya iya tsayuwar. Jaridu ba su yabe shi ba. Wani ya rubuta wai kayan tsofaffi ne aka kakkaɓe wa ƙura. Terry ya bugo muryarsa a sanyaye, Harlan ne ma ya koma yana ba shi haƙuri, ya ce finafinansu na da ma haka aka zage su.

Jiya Asabar ya ce in kai shi silimar unguwarmu, kallon rana, wanda ake cika da yara. Muka je. Wurin maƙil, rabinsu sanye da kayan Halowin, ƙananan mayu da ƙananan fatalwa suna guje-guje tsakanin kujeru, gugguru ko'ina a ƙasa. Babu wanda ya san mu. Tsoho da tsohuwa kawai, mun samu wuri a bakin layi saboda sandarsa.

Da dodon tafki ya fara leƙowa daga bayan labule, silimar ta yi tsit, wani yaro a gaba ya shige ƙarƙashin kujera. Na ji Harlan ya gyara zama. Da dodon ya fito da hular barci kuma sai wurin ya ɓarke da dariya. Ni kaina ban iya bambance inda shi ne da inda matashin ne ba, ban dai gaya masa haka ba.

Akwai wani wuri da ba mu taɓa gani ba, an ɗauke shi ranar da Harlan ba ya aiki. Yaran sun kai kyarkeci shagon aski don ya yi kama da mutane. Ga Augie a kujera an ɗaura masa farin ƙyalle, yana duba madubi, yana nuna wa wanzami da farce wai a ɗan rage gefe kawai. Duk gashin da aka manna masa bai ɓoye shi ba. Yadda yake karkata kai, yadda yake ɗaga gira, shi ne dai zaune a kicin ɗinmu. Yara suna dariya har da buga ƙafa. Na juya na ga hawaye na bin fuskar Harlan, ƙirjinsa na hawa da sauka, bai ko share ba.

A ɗaya gefensa akwai wata 'yar yarinya da ba ta wuce shekara shida ba, da fukafukan takarda a bayanta. Ta daɗe tana kallonsa. Can ta taɓa hannunsa, ta miƙo masa kwalin guggurunta, ta ce a hankali, “Kaka, kada ka ji tsoro. Ba na gaske ba ne.”

Harlan ya ɗebi gugguru kaɗan, ya sunkuya wajen kunnenta. Ya ce, “Na gaske ne, 'yata. Abokina ne.”

Ta kalle shi, ta kalli allon, ta gyaɗa kai kamar ta gamsu. Ba ta janye hannunta ba har aka kunna fitila.

Ki yi ƙoƙari ki zo Kirsimeti, Chelo, ke da Ramiro. Kada ku bari sai bazara. Ya tambaye ku da bakinsa.

Ki gaida kowa da kowa, ki sumbaci jaririn a madadina.

Yayarki da ke kewarki,
Imelda